Ƙofar da Muka Yi wa Jemagu

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa cikin natsuwa ba. A wurin mai shayi tambaya, a filin ƙwallo tambaya, har malamin Islamiyyarmu da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba ya tsare ni a bakin ƙofa ya ce, "Habu, wai da gaske ne jemagu kuka je yi wa gini?" To ga shi na rubuta, mai son ji ya karanta, bakina ya huta.

Bari in fara da laifina kafin wani ya riga ni faɗa. Na ci takarda. Ba yagawa na yi ba, ba jefarwa na yi ba, taunawa na yi na haɗiye, kuma duk abin da ya biyo baya daga cikina ya taso.

Waɗanda ba 'yan unguwarmu ta Shamaki a Gombe ba ba su san Baba Modu ba. Mai walda ne, daga Barno ya zo shekara biyu da suka wuce, shi da iyalinsa da injin waldarsa, wanda ya ce a ka ya ɗauko shi har inda suka samu mota. Ɗakuna biyu na gidanmu suke ciki. A garinsu yana da shago da yara shida masu koyon aiki, a nan kuwa a rumfar wani yake aiki, in ya yi ƙofa sunan mai rumfar ake kira. Kuma kun san yanzu kowa ƙarfe yake so: makaranta, coci, masallaci, har mai sayar da katin waya. Ƙofar Baba Modu kuwa, ƙadangare ma sai ya rage tumbi kafin ya wuce.

Irin wannan ƙofar ce ya yi wa wani tsohon malamin makaranta a Tumfure, 'yar malamin ta zo hutu ta gani. Ita ce Anti Rifkatu, injiniyar ruwa, tana aiki can kudu da kogin Binuwai, wurin wani kamfani da ke son sake buɗe tsohon ramin haƙar kwal. Ta ce akwai tsofaffin bakunan rami guda huɗu da za a sa wa ƙofar ƙarfe. Za a ba Baba ɗaya gwaji, in ya yi kyau sauran ukun nasa ne, da sunansa, ba na mai rumfa ba. Ta bar masa wasiƙar kamfani da takardar zane mai shuɗin tawada, ta ce, "Baba, ƙofa ce ta daban. Komai yana cikin takardar nan."

Baba ba ya karanta boko, ba ya jin Turanci. Nan Turancina, wanda a makaranta da ƙyar yake tsallake jan biro, ya zama na lauya. Inna ta yarda in bi shi tafinta tunda ana dogon hutu, ta cusa min ƙuli-ƙuli da yaji da farar rigata ta sallah. "Ka riƙe bakinka," ta ce. "In ka kasa riƙe shi duka, riƙe rabi."

Bayan asuba muka tashi a wata a-kori-kura. A baya akwai injin walda, janareto, tukwanen gas biyu da wayoyi a nannaɗe. Baba ya sa wasiƙar a hularsa, ya ba ni takardar zanen ya ce in yi nazari a hanya. Na ce to, na kwanta barci.

Shingayen bincike ban iya ƙirga su ba. A wani babba tsakanin Bauci da Jos aka ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama, direba da mai kaya su tsaya wurin mota. Ina cikin layi, gajiya ta sa na sauke hannu ɗaya na zaro takardar, karo na farko da na buɗe ta. Na ga zanen rami a jikin tsauni. Na ga kibiyoyi suna shiga suna fita. Na ga lambobi. Na waiwaya na ga motarmu: tukwanen gas, wayoyi, da dattijo mai zanen Barebari a fuska. Kafin in ƙifta ido na riga na ji sunana a labaran ƙarfe bakwai, na ga Inna ta yanke jiki ta faɗi kusa da rediyo. Saura mutum uku a zo kaina. Na dunƙule takardar na tura a baki.

Mai son sani, takarda ba ta da daɗi, kuma ƙaruwa take yi a baki.

"Kai, me kake ci?" in ji sojan.

"Goro, yallaɓai."

"Buɗe baki."

Na haɗiye da ƙyar na buɗe. Ya leƙa, ya kira abokinsa shi ma ya leƙa. "Goron Gombe shuɗi ne?" ya ce. "Wuce, ka daina tsotsar biro, ka girma."

Can wurin mota kuwa, wani ya karanta wasiƙar da ke hular Baba, ya ƙwanƙwasa tukwanen, ya ce a sauka lafiya, har yana roƙon Baba in ya dawo ya liƙa musu ƙafar bencinsu. Wato da ban ci komai ba ma da mun wuce. Na shiga mota na rufe baki har Jos, abin da ya sa Baba ya taɓa goshina ya ce ko zazzaɓi ne.

A Makurɗi muka kwana, a shagon wani ɗan Dukku mai sayar da albasa, muka tashi muna warin miya. Da safe muka haye gadar Binuwai, muka bar kogi a bayanmu. Ba a tambaye mu fasfo a gadar nan ba, amma ni a wurina ita ce iyaka. Daga nan "sannu" ta fara rage aiki. Mata ne ke tuƙa babur da buhu biyu a baya. Doya kuwa, na ga wadda in aka sa mata riga za a ɗauke ta a aji ɗaya. A wata tasha na sayi wani abu a ƙunshin ganye, sunansa okpa, na ɗauka alala ce. Da gurjiya ake yi da manja. Ɗaya na ci, ya sauka ya samu takardar, suka zauna tare har yamma ban nemi abinci ba.

Da yamma muka isa ƙauyen, a gindin tsaunuka, ana yayyafi. Anti Rifkatu ba ta nan. An kira ta taro a birni, kwana huɗu, ta bar saƙo cewa rodi da siminti suna nan, mu fara. Waya ba ta kamawa sai an hau kan tsauni. Mai masaukinmu wani tsoho ne, Papa Oche, wanda ya yi shekaru yana haƙar kwal tun kafin a rufe ramin. Tari yake yi kamar tsohuwar tifa, Hausarsa kuma ba ta wuce "sannu" da "ina kwana" da wani zagi guda da ya koya a bariki ba.

Ya kawo goro. Baba ya miƙa hannu zai ɗauka kamar yadda muke yi, na ga idon mutanen gidan ya fito. Ashe a can goro sai an ɗaga shi sama, an yi masa jawabi, an yi addu'a ga kakanni da jikoki da mu baƙi da motar da ta kawo mu, sannan a fasa. Baba ya raɗa min, "Tambaye shi, in shinkafa ce kwana nawa ake yi?"

Ban tambaya ba. Na fita tsakar gida na samu wani dakali mai kyau, an shafe shi da tayil fari, ya fi ɗakin Inna sheƙi. Na haye na miƙe ƙafa ina cin ƙuli-ƙulina. Yaran gidan suka taru suna kallona. Na ɗauka farin jini ne, har ina ɗaga musu hannu. Papa Oche ya fito ya tsaya, ya ce da Turanci, "Ka gaishe ta kuwa? Mahaifiyata ce." Kabari ne. A ƙofar ɗaki suke binne nasu, su share shi kullum. Ban san lokacin da na dira ba. Tsohon ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce ba komai, tana son baƙi.

Abinci ba mu sha wahala ba. Matar Papa ta gane ba kowane nama muke ci ba, ta riƙa yi mana sakwara da miyar agushi da busasshen kifi. Baba, wanda bai yarda akwai abinci bayan burabusko da miyar kuka ba, ya cinye ya suɗe, sannan ya ce, "Ba laifi, amma ba ta da nauyi."

Washegari Papa ya zagaya da mu. Akwai wata ƙorama da ke saukowa daga tsauni. Can sama, kafin ta iso wurin ramukan, akwai ƙananan kifaye da ƙaguwa da kwaɗi masu surutu kamar 'yan ajinmu. Ƙasa kaɗan, inda wani ruwa ke tsiyayowa daga tsohon rami ya shiga cikinta, sai shiru. Duwatsun sun yi ja kamar an zuba musu manja, ruwan kuma garau, ya fi na leda kyau. Ni da na saba da ruwan mai kura, na ce ga banza ta samu. Na tsoma farar rigata da ta sha ƙurar hanya, na bar ta ta jiƙa. Papa yana ta ɗaga hannu, na ɗauka gaisuwa ce. Da ta bushe ta koma kalar lemun kwalba.

Shi ya bayyana min, ni kuma na juya wa Baba. Ruwan da ya kwana cikin ramin kwal tsami yake yi, ya kwaso tsatsa. Kyansa na ido ne kawai, ba abin da ke rayuwa a ciki. Ya nuna mana aikin Anti Rifkatu: an tare ruwan ramin, an bi da shi ta wata doguwar kwata cike da farin dutse, irin wanda ake siminti da shi a wajenmu, daga nan ya shiga tafkuna uku masu ciyawar fadama. Dutsen yana kashe tsamin, tsatsar tana kwantawa, ruwan ya fita ya samu ƙoramar. A tafki na ukun na ga kwaɗo ɗaya. Papa ya ce duk ƙauyen sun san shi, saura kaɗan a ba shi sarauta.

Ya kuma nuna mana wani busasshen kwari. Ya ce da can rafi ne. A ƙarƙashin ƙasa, in ana haƙa, akan bar ginshiƙan kwal su riƙe rufin. Da za a rufe ramin sai aka ce masu haƙa su cinye ginshiƙan, kada a yi asara. Ƙasa ta zauna, ta tsage, rafin ya shige ciki kamar an cire toshiyar baho. "Da hannuna na sare wasu," in ji shi. Yanzu an kafa jajayen turaku a gefen ƙoramar da ta rage, duk abin da ke ƙarƙashinsu ba mai taɓawa.

Daga ƙarshe muka je bakin ramin da za mu yi wa ƙofa. Baƙi ƙirin, iska mai sanyi tana fitowa da wani wari kamar na tsohon rumbu. Papa ya ja kunnenmu: ba walda a nan, ba ashana, iskar ramin tana kama wuta. A can nesa za a haɗa ƙofar, a kawo a ɗaure da noti a jikin ginshiƙan siminti da aka riga aka zuba.

Baba ya miƙo hannu. "Kawo takardar."

Tun daga Jos nake shirya wannan amsar. "Baba, ruwan jiya ya jiƙa ta, ta narke. Amma na haddace ta kamar karatun allo."

Ya dube ni. "Me ta ce?"

"Ta ce a yi ƙofa. Mai ƙarfi. Daidai bakin ramin."

"Tazarar rodi fa?"

Na tuna na ga wasu layuka a kwance da lamba a gefensu. Na ɗauka ado ne. "Ba a rubuta ba. Ta ce ku kuka san aikinku."

"Ko ka hau tsaunin ka kira ta?"

In na kira ta, tambayar farko ita ce ina takarda. Na ce, "Baba, tana gaban manya. Kada a ce ta kawo wanda bai iya aiki ba."

Wannan maganar ce ta kama shi, ni ma na san ita za ta kama shi. Ya gyara hula ya ce a tayar da janareto.

Kwana biyu ya yi yana aikin, ban taɓa ganinsa haka ba. Har waƙa yake yi da Barbarci. Ya jera rodi a tsaye, tazarar yatsa biyu, ya bi bayansu da ragar waya. Na ce, "Baba, ai ko sauro sai ya cike fom." Bai yi dariya ba. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Ƙofar gidana ta can, tazarar hannu na bar mata don iska. Ta nan aka zura hannu aka zare sakata." Ya sauke gilashin ya ci gaba. Ban ƙara tsokanarsa ba ranar.

Rana ta uku da hantsi samarin ƙauyen suka ɗauki ƙofar aka kafa. Noti takwas. Da aka ɗaure, Baba ya naɗa tsumma a kan guduma, ya daddake kan kowane ɗaya har ya baje, yadda ba sifanar da za ta kwance shi. Ya ja baya yana kallo kamar ya aurar da 'ya.

Gab da magariba muka koma ɗaukar kayan aiki, sai muka ji ƙara daga ciki, kamar ana yayyafi a kan kwano. Jemagu ne, ƙanana, ba su kai tafin hannuna ba. Sun taso fita kiwo sun tarar da aikin Barno. Suna bugun raga suna komawa, wasu sun maƙale suna tsuwa. Baba ya ce, "Ka gani? Ko jemage." Ni har da tafi.

Papa Oche bai yi tafi ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce min da Turanci, a hankali yadda ba zan ce ban ji ba, "Waɗannan ba su da wata hanya. Madam ta ce saboda su ake ƙofar. Gaya masa."

"Me ya ce?" in ji Baba.

"Ya ce aiki ya yi kyau."



Anti Rifkatu ta iso washegari bayan azahar, ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ramin, muna biye. Ta tsaya. A gindin ragar, ta ciki, ga jemagu a zube. Wasu suna motsi, wasu ba sa yi. Ɗaya da ɗanta manne a ƙirji.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Baba, me na yi muku?"

Baba ya ce, "Injiniya, akwai inda ya yi sako-sako ne?"

"Ƙofar nan mutum za ta hana shiga, kada yara su faɗa, kada mafarauta su sa hayaƙi. Jemagun su wuce. Su ke cinye ƙwarin gonakin nan da sauro. An kore su daga ramin da za a buɗe, nan kaɗai suka rage, kuma lokacin goyonsu ne. Na zana rodi a kwance, na rubuta tazara, na ja layi biyu a ƙarƙashi. Gobe masu duba aiki za su zo daga birni. Ni na tsaya a gaban mutane na ce a bar masu waldan nan, akwai wani a garinmu." Ta juyo. "Ina takardar?"

Na dubi Baba. Ya dube ni, daƙiƙa ɗaya, na ga ya gane komai. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, 'yata. Na yi abin da hannuna ya saba."

Ina da baki, kowa ya sani. Ranar sai da na nemo shi. "Anti, bai taɓa ganin abin da ke ciki ba. Ni na cinye ta."

"Ka ɓatar?"

"Na cinye. Da baki. A shingen sojoji."

Na faɗi duka, har ƙaryar ruwan sama da ta fassarar maganar Papa. Ta rufe ido. Na ga gefen bakinta yana rawa, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ita ma ina jin ba ta sani ba. Ta ce, "Zan yi da kai daga baya. In suka ƙara kwana ba su ci ba, 'ya'yan sun tafi. Baba, a kwance ta kafin rana ta faɗi."

Baba ya yi gyaran murya. "Na dake notin."

"Duka?"

"Takwas ɗin."

Injin yanka ƙarfe yana tartsatsi, ba dama. Tukwanen gas da muka sha wahalar kawowa, ba dama. Sai zarton hannu, ana yi ana zuba ruwa a kan ƙarfen. Zarto biyu ne a jakar Baba. Ya ɗauki ɗaya, ya miƙo min ɗaya.

In wani ya ce muku ya san tsawon la'asar, ku tambaye shi ko ya taɓa yanka notin Baba Modu. Ina na farko tafina ya tashi, ina na biyu ya fashe. Papa Oche na tsiyaya ruwa daga buta yana min zagin nan nasa na bariki, wanda a ranar na yarda ya dace da ni. Samari biyu suka karɓe mu, ruwan zarto ɗaya ya karye, aka koma ɗaya. Baba ya karɓe shi bai sake ba kowa ba. Yana yanka yana duban rana. Daga ciki tsuwar ta fara tashi.

Na takwas ya rabu rana ta riga ta taɓa kan tsauni. Muka kama ƙofar mu bakwai muka kwantar da ita a ciyawa, Anti ta ce kowa ya tsuguna ya yi shiru. Da farko ɗaya ya fito, ya yi wani karkace kamar ɗan acaɓa ya ga shinge. Sai biyar. Sai ramin ya buɗe baki gaba ɗaya. Na so in ce muku miliyan ne, amma na yi alkawarin rage ƙarya a wannan labarin, don haka ban san adadinsu ba. Na dai san iskar fikafikansu ta taɓa fuskata, kuma sun daɗe suna fita. Baba ya cire hula yana kallo. Can ya ce, "Ashe masu gida ne."

Masu duba aiki sun zo da safe sun tarar da rami a buɗe, ƙofa a kwance. Anti ta shiga da su tanti ta gaya musu gaskiya. Na ji an kwashe da dariya sau ɗaya, na san an zo wurin takarda. Bayan nan ban ƙara jin dariya ba.

Kwana uku Baba ya yi yana haɗa sabuwar ƙofa. Anti ta sake zanen, wannan karon da alli a jikin bangon Papa, ta ce ta ga wanda zai ci bango. Rodi a kwance, masu kauri, tsakaninsu faɗin da jemage zai wuce da fikafikai a buɗe. Baba ya yanka guntun katako daidai awon, yana sa shi tsakanin kowane biyu kafin ya liƙa, hannunsa yana ƙaiƙayin ya matse. Da ya gama ya kira ni.

"Zo ka sa kanka."

"Baba, kaina kuma?"

"An ce kada mutum ya wuce. In wannan tulun bai shiga ba, ba na kowa da zai shiga."

Duk layukan sai da na gwada, yaran ƙauyen suna ƙirgawa. Bai shiga ko ɗaya ba. Ranar da aka kafa ta, jemagun suka yi ta zagaye a ciki kamar ba su yarda da mu ba, ni ma ban ga laifinsu ba. Sannan suka fara ratsawa.

Ga yadda ta ƙare, ba ƙari. Jemagu goma sha tara ne suka mutu, ni na haƙa rami na binne su, hukuncin da Anti ta yanke min ke nan. Cikin ƙofofi ukun da suka rage, ɗaya aka ba Baba, biyun aka ba wani mai walda na can. A hanyar dawowa ya tsaya ya liƙa wa sojojin nan bencinsu, bai yi min magana ba sai da muka wuce Alkaleri, inda ya ce in miƙo masa ruwa. Har yanzu a rumfar mutumin nan yake aiki. Guntun katakon yana rataye a jikin injinsa, rigata kuma Inna tana goge fitila da ita.